Abin da ya sa wasan babur da tseren mota ke rasa 'yan kallo

A garuruwan noman rani irin su Kura da Bunkure, an saba idan kaka ta yi aka shiga bukukuwan aure, samari su cika hanya da babura wajen rakiyar amarya. Wani ya ɗaga ƙafar gaba, wani ya saki hannu, yara na bin su da sowa. Wasan bai mutu ba, amma armashinsa ya ragu, kuma dalilan da suka jawo haka sun yi kama da waɗanda ke damun tseren motoci a wasu ƙasashe.

Na farko shi ne tsadar mai. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita a hukumance bai kai Naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura Naira 500, zuwa Oktoban 2024 kuma ya wuce Naira 1,000. A yankin da ke shan ruwan madatsar Tiga, duk manomin da gonarsa ta yi nesa da magudanar ruwa sai ya tayar da injin ban ruwa. Litar da saurayi zai ƙona a wasa, ita ce shinkafarsa ko tumatirinsa ke jira. Babur ɗin ma jari ne, da shi ake kai taki gona, a ɗauko buhu zuwa kasuwa. Tun da darajar Naira ta faɗi kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, ba kowa ne zai sayar da akuya ya sayi taya don a tafa masa ba.

Na biyu shi ne haɗari da doka. Gidan da aka taɓa kai wa gawa ko mai karaya daga wajen biki ba ya sake kallon abin a matsayin nishaɗi, shi ya sa iyaye da malamai ke yawan tsawatarwa. A cikin birnin Kano kuma, tun Janairun 2013 gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Wannan ya rage 'yan acaɓa, waɗanda daga cikinsu ne gwanayen wasan suka fi fitowa.

Rashin tsaro ya taɓa raba wannan yanki na Afirka da babbar gasa. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsawa ta Agadas a Jamhuriyar Nijar. An soke na 2008 saboda barazanar hari a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020.

Ko a Amurka, inda tseren motoci biyu a miƙaƙƙiyar hanya ya yi suna, an ga irin wannan. Bayan mutuwar direba Scott Kalitta a 2008, hukumar NHRA ta rage tsawon tseren motocin da suka fi gudu daga ƙafa 1,320 zuwa 1,000. Filin New Jersey da hatsarin ya faru ya daina shirya wannan tsere a 2018, na Houston kuma ya yi babbar gasarsa ta ƙarshe a 2022, domin filin ya fi riba a hannun 'yan kasuwa.

Sai kuma wayar hannu. Matashin da a da zai tsaya cikin ƙura da rana don ya ga gwani, yanzu yana kallon wanda ya fi shi a TikTok, ko ya tafi gidan kallon ƙwallo.

Abin lura shi ne, wasan da ya samu fili da tsari yana daɗewa. Hawan sallah da kokawa da dambe suna da lokaci da shugabanni da ƙa'idoji, shi kuwa wasan babur a kan titin jama'a ya girma, ba alƙali, ba hular kwano, ba shingen da zai kare mai kallo. Matuƙar bai samu killataccen wuri da masu ɗaukar nauyi ba, mai babur a Bunkure zai ci gaba da zuba litarsa a injin ban ruwa.