Shin Ko Kun San? Daga Furat Zuwa Kwara

Shin ko kun san cewa Kogin Kwara ta jihar Kebbi yake shigowa Najeriya? Daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi gefen iyakar Benin, sannan ya faɗo ta wajen Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo. Tsawonsa ya kai kilomita 4,180. Kafin ya isa Kainji ko Lokoja, sai ya fara bi ta gonakin Lolo da Illo, ya wuce ƙarƙashin gadar Tuga.

Kuma sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta ruwan damina ce, jan ruwa mai laka, daga Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu kuwa ruwan da aka zuba tun a Gini ne. Yana daɗewa yana laƙaƙi a fadamun Mali, ba ya iso mana sai cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, bayan lakarsa ta kwanta a hanya. Wato daidai lokacin da ciyawar tudu ta bushe, mai noman rani yana neman ruwa, a nan kogin yake sake kawo masa. Ba kowace al'umma Allah ya yi wa wannan gata ba.

Shin ko kun san mutanen da suka fara gina birane a duniya ba su samu irin wannan sauƙi ba? Sumeriyawa ke nan, mazauna kudancin Iraƙi ta yau, tsakanin kogunan Dijla da Furat. Ruwan sama a ƙasarsu bai isa ya raya shuka ba. Kogunan nasu kuma ba sa cika sai ƙanƙarar tsaunukan Turkiyya ta narke, wajen Afrilu da Mayu, daidai lokacin da sha'ir ya nuna ana shirin girbi. Lokacin shuka ruwa ya ja baya, lokacin girbi ya taso. Dole ta sa suka haƙa magudanan ruwa, suka ɗaga ganuwar ƙasa a bakin kogi, suka tsara wanda zai sha yau da wanda zai jira gobe. Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Sai an yi gayya, gayya kuma sai da jagora, sai da rumbun da za a ciyar da masu aiki. Daga nan Uruk da Ur da Eridu da Lagash suka tashi.

Rubutu ma daga rumbu ya fito. Allunan yumɓu mafi daɗewa da aka tono a Uruk, na wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, yawancinsu lissafi ne: sha'ir kaza ya shigo, tumaki kaza sun fita, rabon lebura kaza. Ƙirgensu na sittin-sittin shi ne asalin minti 60 da ke cikin sa'a a agogonku.

Jigon da kakanninmu ke ɗaga ruwa da shi zuwa fangalin albasa, dogon itace da guga a gefe ɗaya, curin laka a ɗaya gefen, an samu zanensa a wani hatimi na ƙasar Iraƙi da ya haura shekara 4,000.

Shin ko kun san Sumeriyawa har yaƙi suka yi a kan fadama? Biranen Lagash da Umma sun shafe fiye da ƙarni suna gwabzawa a kan wata gona mai ni'ima da ke tsakaninsu, wajen shekara 2450 kafin miladiyya. Masana da dama kuma suna ganin gishiri ne ya karya nomansu: ana ta zuba ruwa babu hanyar fitarsa, rana ta ƙafar da shi, ƙasa ta yi fari, alkama ta gaza, aka koma sha'ir da ya fi jure gishiri. Mai noman rani da ya fara ganin farin ɓawo a saman fangalinsa, kada ya ɗauke shi wasa.

Kwara ma ya raini nasa birnin. A fadamunsa na Mali aka fara noma shinkafar Afirka, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, tun ba a san ta Asiya a nan ba. Can ne tsohon garin Jenne-Jeno ya kafu wajen shekara 250 kafin miladiyya. Illo kuwa ɗaya ce daga manyan masarautun Borgu uku, tare da Bussa da Nikki, kuma mashigin fataken goro masu zuwa Gwanja. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba su, Nikki ta faɗa ɓangaren Faransa. Shi ya sa har gobe mutumin Tsamiya a ɓangarenmu ke da dangi a Segbana, tsallaken iyakar Benin.

To, yau fa? A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Nuwamba 2015. A Agusta 2019 aka rufe iyakoki saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. A 2020 kuma ambaliya ta shanye gonakin jihar, Bagudo na cikin inda abin ya yi muni. Ku shiga fadama da rani ku gani: kowane manomi da rijiyarsa ta burtsatse, da ɗan injinsa yana ƙara, da tiyo, da jarkar fetur da ya saya da kuɗin bashi. Kowa tasa ta fisshe shi. Idan damina ta zo, ruwa ɗaya ya kwashe na kowa.

A ganina nan ne Sumeriyawa suka fi mu, alhali kogin da muke da shi ya fi nasu sauƙin kai. Muna roƙon gwamnatin Kebbi da ƙaramar hukumar Bagudo da sarakunanmu su haɗa manoman bakin Kwara a kan magudanan ruwa na tarayya da ganuwar kare gonaki, kuma a riƙa sanar da su tashin kogi da wuri, tun ruwan yana Yamai.