Gudun motsa jiki cikin ƙanƙara: yaya ake fita daga bargo?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a Montreal ta ƙasar Kanada. Ya ce a gida kullum da asuba yana sassarfa, amma tun da dusar ƙanƙara ta sauka wata biyu ke nan bai fita ba. Jiki ya yi nauyi, barci ya lalace, rai ba daɗi.

To, malam, uzurinka karɓaɓɓe ne. A Janairu sanyin Montreal kan kai digiri 10 ƙasa da sifili, wasu ranakun ya wuce 20, kuma a Disamba kafin ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Sanyin jaura da muke kuka da shi, a can wasan yara ne. Amma zaman ɗaki wata huɗu shi ma ciwo ne: rashin hasken rana da rashin motsi su ke kawo wannan kasala da ƙuncin zuciya.

Gaskiyar magana, wuyar tana bakin ƙofa. Mutumin da ke cikin bargo ba ya yanke shawara mai kyau, don haka a yanke ta tun da dare. A jera kaya da takalmi kusa da gado. A yi alkawari da aboki a kan lokaci da wuri, domin kunyar barin mutum tsaye cikin ɗari ta fi kowace ƙararrawa tada mai barci. Sannan ka yi wa kanka sauƙi: minti goma kawai, in bai yi ba ka koma. Mintocin farkon nan ne mafi zafi, kafin jini ya ɗumama. Da wuya wanda ya wuce su ya juya.

Kuskuren baƙi shi ne jibga kaya. Gudu na kawo zufa, zufa kuma in ta jiƙe riga iska ta buga, nan ne sanyi ke shiga jiki. Saboda haka a sa kaya marasa kauri hawa biyu ko uku, ta ciki kada ta zama ta auduga, don auduga na riƙe ruwa. In ka fito ka ji ɗan sanyi, to shigar ta yi daidai. Hula, safar hannu da mayafin baki kuwa dole ne, musamman ga mai ciwon fuka, wanda busasshiyar iska mai sanyi ke tayar masa. A fara gudun ana fuskantar iska, a dawo tana baya.

Sai batun santsi. Dusar da aka tattake ba ta da haɗari kamar siririyar ƙanƙarar da ke daskarewa a kan kwalta ba a ganinta. A gajarta taku, a rage sauri, a manta da agogo. Akwai ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmi, ba su kai kuɗin ɗaurin karaya ba. Tunda duhu ne, a sa riga mai ƙyalli don direbobi su gani.

Akwai kuma ranar da zama shi ne daidai. Hukumar yanayi ta Kanada na gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Irin wannan rana, ko ranar da ruwan sama ya daskare a titi, sai a hau matakalar bene a sauka, gobe a duba yanayi.