FASHIN BAƘI: Tara da makin laifin tuƙi, mai mota ne ke ɗauka ko direbansa?

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega ta nufi Koko da Yawuri, ya san manyan motocin da ke kwasar albasar Aliero zuwa kudancin ƙasar nan, da ƙananan motocin haya da ke jigila tsakanin Jega, Maiyama da Birnin Kebbi. Akasarin masu tuƙa waɗannan motoci ba su ne suka mallake su ba. Wasu albashi ake biyan su, wasu kuma balas suke kai wa mai gida. Idan jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, suka tsayar da irin wannan mota suka rubuta takardar laifi, wa hukuncin ke hawa?

Hukunci biyu a takarda ɗaya

An kafa FRSC a 1988, kuma dokar 2007 ce ginshiƙin ayyukanta. A jadawalin laifuffukan da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, kowane laifi na da hukunci iri biyu: kuɗin tara da makin laifi. Rashin ɗaura bel tarar naira 2,000 ce da maki 2. Amsa waya ana tuƙi naira 4,000 ce da maki 4. Wuce ƙa'idar gudu naira 3,000 ce da maki 3. Lodi fiye da kima naira 10,000 ne da maki 3, tuƙin ganganci kuwa naira 50,000 da maki 10.

Bambancin da ke tsakanin hukuncin biyu shi ne, tara kowa na iya biya, walau direba, walau mai mota, kuma da an biya magana ta ƙare. Maki kuwa a kan lasin direba ake rubuta shi, kuma taruwa yake yi. Bisa tsarin hukumar, wanda makinsa ya kai 10 za a gargaɗe shi, idan ya kai 15 a dakatar da lasinsa na wani lokaci, idan ya kai 21 a janye shi. Tun bayan fito da sabon lasin mai ɗauke da hoto da zanen yatsu a 2011, an samu rumbun bayanan da ke ba da damar haɗa laifi da lambar lasin mutum.

Laifin mai gida, makin direba

Wasu laifuffukan na direba ne shi kaɗai: babu mai motar da ke tilasta masa riƙe waya ko ƙin ɗaura bel. Amma akwai waɗanda tun kafin a tayar da mota aka aikata su. Sayen sabuwar taya ba hurumin direba ba ne. Haka ma sanya na'urar taƙaita gudu, wadda FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanyawa gadan-gadan daga 1 ga Fabrairu, 2017. Yawan buhunan da za a ɗora kuwa, galibi mai mota da mai kaya da ɗan kamasho ne ke yanke shi.

A ɗauka an tsayar da mota a Maiyama da lodin da ya wuce kima, da suɗaɗɗiyar taya, kuma babu na'urar taƙaita gudu. Tarar ita ce naira 10,000 da 3,000 da 3,000, jimla 16,000, kuɗin da mai mota zai iya fitarwa daga ribar tafiya ɗaya. Makin kuwa ya zama 9, duk a kan lasin direba. Ranar da ya manta bel, ya kai 11, ya shiga sahun waɗanda ake gargaɗi. Idan aka dakatar da lasinsa, mai mota zai miƙa makulli ga wani, shi kuma hanyar abincinsa ta toshe.

Ana iya cire tarar daga albashi?

Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai ɗaukar aiki zaftare albashin ma'aikaci da sunan tara. Idan yana ganin sakaci ko gangancin ma'aikacin ne ya jawo masa asara, sai ya samu amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin ya cire wani abu daidai gwargwado. Haka kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin ba. Ga direban da ke ɗaukar naira 70,000, iyakar ita ce kimanin naira 23,300, wato ko rabin tarar tuƙin ganganci ba ta kai ba.

Sai dai wannan kariya ta fi amfanar mai takardar ɗaukar aiki. Direban balas ba shi da albashin da za a cire wani abu a ciki. Duk abin da ya kashe a hanya daga rabonsa yake fita, kuma dole ya cika kuɗin mai gida da yamma. Wannan tsari da kansa ne ke ingiza shi ga gudu da cusa fasinja.

Abin da ke kan mai mota

Ba a bar masu motoci sakaka ba. Tun 2007 FRSC ke da shirin RTSSS, wanda ya wajabta wa duk mai motoci biyar zuwa sama yin rajista, da naɗa jami'in kula da lafiyar motoci da horar da direbobi. Hukumar na da ikon tsare mota, kuma ga mai ɗauke da albasa, kwana biyu a tsare asara ce da ta ninka tarar. Idan kuma direba ya yi haɗari a bakin aikinsa, doka ta ba waɗanda abin ya shafa damar neman diyya daga wanda ya ɗauke shi aiki. Giɓin da ya rage shi ne mai mota ɗaya ko biyu, wanda shirin bai kai kansa ba.

A Birtaniya, inda maki 12 cikin shekara uku ke sa a hana mutum tuƙi, doka ta tilasta wa kamfani bayyana wanda ke tuƙa motarsa lokacin da aka yi laifi. A Afirka ta Kudu kuwa, dokar AARTO ta 1998 ta tanadi ɗora maki a kan masu gudanar da harkar sufuri, ba direbobi kaɗai ba.

Mafita

Kafin a samu irin wannan gyara a Najeriya, akwai abin da ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motoci ta NARTO za su iya yi a tashoshin Jega, Aliero da Maiyama: yarjejeniya a rubuce da ke raba laifin hannun direba da laifin jikin mota, ta fayyace wanda zai biya kowanne. Shi kuma direba ya karɓi takardar laifi ya biya ta Remita maimakon sasantawa a bakin titi, ya adana rasit. Idan bai amince da tuhumar ba, yana da 'yancin zuwa kotu ya kare kansa.