Gangar Cikin Kwamfuta: Wacce Za Ka Ɗauka?

Duk matashin da ya sayi laftof ya sa FL Studio, ba ya daɗewa zai fara tambayar wace manhajar ganga ce ta fi kyau. Kafin in ba shi amsa, nakan ce ya kunna mini irin kiɗan da yake son yi, ya kuma nuna mini kwamfutarsa. Na ga yara da yawa sun ƙarar da data da kuɗi kan manhajar da ba don kiɗansu aka yi ta ba, abin kuwa yana damuna.

Bari in fara da yadda ake yin ta. Kamfani zai ɗauki ƙwararren makaɗi ya kai shi babban situdiyo, a kewaye gangunansa da makirufo. Kowace ganga zai yi ta bugun ta, a hankali, da ɗan ƙarfi, da iyakar ƙarfinsa, a tsakiya da kuma gefe, ana naɗar kowane bugu daban. Kai kuma a ɗakinka, in ka danna fiyano ko ka zana bugu da linzamin kwamfuta, saƙo ne kake aikawa ta tsarin MIDI, wanda aka fito da shi a 1983. Saƙon yana faɗin wace ganga aka buga da kuma ƙarfin bugun, daga 1 zuwa 127, sai manhajar ta zaɓo sautin da ya dace.

A nan ake gane mai kyau. Hannun mutum ba ya bugu biyu iri ɗaya sak, don haka manhajar kirki takan ajiye sautuka da yawa ga kowane ƙarfin bugu, tana sauya su. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in jera bugu goma sha shida da sauri a kan ƙaramar gangar nan mai tsatstsauran sauti, in rufe ido in saurara. In na ji kamar keken ɗinki, na bar ta ke nan.

Manyan sunaye biyu daga Suwidin suke. Toontrack ya fito da EZdrummer a 2006, na ukunsa ya zo a 2022, kuma yana ɗauke da shiryayyun salon kiɗa waɗanda makaɗa na gaske suka buga, kai dai ka ja ka ajiye a waƙarka. Addictive Drums na XLN Audio ba ya wahalar da kwamfuta sosai. Babban wan EZdrummer, Superior Drummer 3 na 2017, injiniya George Massenburg ne ya naɗi sautinsa a situdiyon Galaxy da ke Beljiyam, kuma cikakkensa ya kai gigabayit 230. Sautinsa abin ban sha'awa ne, amma mai laftof ta hannu da ke lallaɓa data ya yi lissafi tukuna. Akwai na kyauta masu amfani, irin su MT Power Drum Kit 2 da SSD5 Free, kuma da su nake so mai koyo ya fara.

Sai dai dukkansu gangunan Turawa ne, waɗanda mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu yana bugu da hannu da ƙafa. In kana yin rok, ko hailaif, ko waƙar coci, sun dace da kai. In hip-hop kake yi, asalin ruguginsa daga na'urar Roland TR-808 ta 1980 yake, kuma sautukanta suna ko'ina. Shi ma rugugin nan na amapiyano, masu yin sa a Afirka ta Kudu sun samo shi ne daga Fruity DX10, wata 'yar manhaja da ke cikin FL Studio. Tana nan a kwamfutarka, ba sai ka sayi komai ba.

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai kiɗan Hausa. Zai bincike manhajojin nan kaf bai sami kalangu ba, bai sami kotso ba, balle shantu ko duman girke. Ko ya sami wata ganga mai magana a kundin sautukan Afirka, da wuya ta gamsar da kunnen Bahaushe, saboda kalangu ba bugu kaɗai ba ne. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa yana saki, muryar gangar tana hawa tana sauka tana bin karin magana, har mai sauraro ya tsinci kirari a ciki. Bugu ɗaya da aka naɗa ba zai ba ka wannan ba, ko da ka ja shi sama da ƙasa da kwamfuta.

Shawarata ga irin wannan mawaƙi ita ce ya haɗa nasa kundin. Ka nemi makaɗin kalangu a unguwarku, ku yi ciniki a fili, ka gaya masa cewa sautin zai shiga waƙoƙi, ka biya shi haƙƙinsa ka kuma ambaci sunansa. Ku zaɓi dare bayan an kashe janareta, a ɗaki mai labule da katifa don rage amsa-kuwwa. Ka naɗi bugu ɗai-ɗai masu ƙarfi daban-daban, sannan, wannan ya fi muhimmanci, ka sa masa bit ɗinka a kunne ya yi ta kaɗa cikakken zubi a kai, da sauri da kuma a hankali. Bugu ɗai-ɗai ɗin ka zuba su a FPC na cikin FL Studio ko a Battery na Native Instruments, zubin kuma ka yanka shi daidai da awon waƙa.

Ka guji manhajojin da aka fasa ake rabawa a filashi; sukan zo da ƙwayar cuta, kuma sukan tsaya cak ana tsakiyar aiki. Yawancin kamfanonin nan suna ba da damar gwaji kafin saye. Ka gwada a cikin waƙarka ta gaske, da murya a kai, sannan ka tura ta wayarka da 'yar sifikar Bluetooth, tunda a irin waɗannan ne yawancin mutane za su ji ta, a shago ko cikin adaidaita sahu. Gangar da ta ɓace a nan, ka koma ka gyara ta ko ka sauya wata.