Masu ba gashi umarni: abubuwan ban mamaki a taƙaice

Duk tushen gashin da ke jikinka, kusan miliyan 5, tun kana cikin mahaifa aka gama dasa su. Kimanin 100,000 ne a kai, kuma bayan haihuwa ba a ƙara ko ɗaya. Wani furotin mai suna Wnt ne ke fara nuna wa fatar tayi inda kowane tushe zai zauna.

A 1998 Elaine Fuchs da abokan aikinta a Jami'ar Chicago suka hana wannan saƙo yankewa a jikin ɓeraye. Sababbin tushen gashi suka yi ta fitowa har bayan ɓerayen sun girma. Sai dai kash, ƙari ya biyo baya. Mai sanƙo da ke neman gyara ta nan, a ganina, gara ya riƙe hularsa tukuna.

Me ya sa gira ba ta kai kafaɗa? Gashin kai yana shekara 2 zuwa 7 yana tsiro, wajen santimita 1 a wata, sannan ya dakata, ya huta kamar wata 3, ya faɗi. Na gira 'yan watanni kawai ake ba shi. Cikin masu busa usur ɗin tsayawa akwai furotin FGF5. Idan ƙwayar gadonsa ta samu tangarɗa, tsiro sai ya zarce: sirrin kyanwa da kare masu dogon gashi ke nan. A 2014 aka gano irin haka a wasu iyalai 'yan Pakistan masu zara-zaran gashin ido.

Gashi da haƙori da gumi kuwa manzonsu ɗaya, furotin EDA. Wanda aka haifa ba shi da shi, gashinsa tsilli-tsilli, haƙoransa kaɗan, ga shi ba ya gumi. Masanin halittu Darwin ya ba da labarin wani dangi irin wannan a yankin Sindh tun 1875.

Sinadarin maza DHT shi ke cika gemu, shi ne kuma ke cinye gashin tsakar kai.

Mai jego da ta ga gashinta na zuba wata 3 bayan haihuwa ta kwantar da hankalinta. Juna biyu ne ya riƙe wanda ya kamata ya faɗi tun tuni, yanzu aka sallame shi gaba ɗaya, kuma yakan dawo.

Aski ba ya ƙara wa gashi kauri. Askar wanzami a saman fata take tsayawa, umarni kuwa daga tushe yake fitowa.