Amfanin addini da ɓarnar da ake yi da sunansa

Rumbu tana cikin ƙasar Dakwaro, a jihar Maraɗi, kusa da inda ƙasar noma ta haɗu da ƙasar kiwo. Hausawa da Fulani da Buzaye ne ke zaune a wurin, kuma kusan dukansu Musulmi ne. A nan, kamar a sauran garuruwan Nijar, maganar malami tana da nauyi ƙwarai. Idan liman ya faɗi abu a masallaci, mutane sukan yarda da shi, su yi aiki da shi. Wannan yarda ita ce ƙarfin addini a cikin jama'a. Da ita ake gyara, da ita kuma ake ɓarna.

Amfani na farko shi ne taimakon marasa ƙarfi. Idan kaka ta yi, manomin da hatsinsa ya kai nisabi yakan fid da dami ɗaya cikin goma. Makiyayi mai tumaki ko awaki 40 yakan ba da ɗaya. Mai shanu 30 yakan ba da maraƙi. Wannan ita ce zakka. A ƙarshen azumi kuma kowane mai gida yakan auna mudun Annabi huɗu saboda kowane mutum na gidansa. Ba jandarma ke tilasta musu ba, tsoron Allah ne. A ƙasar da fari ke yawan zuwa, kamar yunwar 1984 da ta 2005, wannan hatsi yana rage wa matalauta wahala.

Amfani na biyu shi ne sulhu. Idan dabbobi suka shiga gona, sau da yawa mai gari da liman ke zaunar da manomi da makiyayi. Akan kimanta ɓarnar, a biya, a shafa fatiha, kowa ya tafi gida. Na uku shi ne ilmi. Tun kafin zuwan boko, a makarantar allo yara ke koyon karatu da rubutu da ladabi.

Kiristoci ba su da yawa a jihar Maraɗi, amma su ma addininsu ya sa sun yi aikin alheri. A 1956 ƴan mishan suka buɗe gidan likita a Danja, kudu da Maraɗi, domin masu ciwon kuturta. Yawancin waɗanda aka warkar a can Musulmi ne.

To, ina ɓarnar take fitowa? Tana fitowa ne idan aka ɗauki jita-jita aka sa mata rigar addini. Mutanen da suka saba yarda da malami sai su karɓe ta ba tare da bincike ba.

Ga misali. A 2003 magana ta bazu a Kano cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, wai makirci ne aka shirya wa Musulmi. Waɗansu masu wa'azi suka yaɗa ta. Aka dakatar da rigakafi a jihar Kano har watan Yuli na 2004. Ciwo kuwa bai san iyakar ƙasa ba. Ya bi matafiya da fatake, ya ƙaru a Nijar, ya isa ƙasashe kamar 20. Yara da yawa suka gurgunce, alhali ɗigo biyu a baki, a kowane zagaye, zai iya tsare su.

Ga wani misali a Maraɗi kanta. A watan Yuni na 2019 aka kama wani liman saboda ya soki wata doka da ake shiryawa game da wuraren ibada. Samari suka fusata, suka ƙone wata majami'a a unguwar Zariya. Masu majami'ar kuwa ba su da hannu a kamun. Gab da a saki limamin, ya ce an ba shi fassarar dokar ba daidai ba, ya kuma roƙi mabiyansa su daina ƙone-ƙone.

A misalan nan biyu, bakin da ya ɓata shi ne ya gyara. A Maraɗi, maganar liman ta taimaka wajen kwantar da hankali. A kan shan inna kuma, malamai da sarakuna suka shiga aikin. A 2009 sarakunan arewacin Nijeriya suka kafa kwamiti a ƙarƙashin Sarkin Musulmi na Sakkwato, suna jawo hankalin iyaye. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa an kau da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka.

Ashe addini kamar wuta yake. Da ita ake dafa tuwo, ita ce kuma ke cinye rumbu idan an yi sakaci. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Hujurat, ya umarci muminai su binciki labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci wanda ba shi da laifi. Saboda haka yaro mai hankali, idan ya ji an ce a ƙi wani ko a ɓata kayansa da sunan addini, yakan tsaya ya tambaya: wa ya faɗa, ina hujja, wa zai cutu? Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi

1. Manomi ya samu dami 120 na hatsi. Dami nawa zai fid da zakka?
2. Me ya sa shan inna ya ƙaru bayan 2003?
3. Su wa ke yin sulhu tsakanin manomi da makiyayi?
4. Me ya sa aka kwatanta addini da wuta?