Nauyin Jiki Bayan Azahar Ba Taifot Ba Ne

Da misalin ƙarfe biyu na rana ina tsaye a wani kemis, sai ga wani matashi ya faka adaidaita sahunsa, idanu jajir. Ya ce, "Malam, a ba ni haɗin gajiya, jikina ya yi nauyi, ina jin taifot ɗin ne ya dawo." Mai shago bai tambaye shi komai ba, ya ƙirgo ƙwayoyi kala huɗu ya ƙulle a leda. Na ce, "Ƙanena, ƙarfe nawa ka kwanta jiya?" Ya ce ɗaya saura, kuma da asuba ya fito.

Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, yadda muka mayar da kowane nauyin jiki cuta ko lalaci. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kamar yadda toka ke taruwa a murhu muddin ana girki. Barci ne kawai yake kwashe tokar nan. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro, shayi, Nescafé da lemon ƙarin kuzari ba ya kwashe ko cokali ɗaya. Toshe wurin da adinosin ke zama yake yi, don kada saƙon gajiya ya isa. Tamkar mai babur ne ya manna takarda a kan allurar mai don kada ya ga ta sauka, ko wanda ake bi bashi ya kulle ƙofa ya ce ba ya nan. Mai bashi yana zaune a zaure. Kuma bayan kusan awa 5, rabin kafeyin ɗin yana nan a jini, sai ya ɓata barcin dare, gobe a tashi da bashi ninki biyu.

Nauyin jikin bayan azahar kuwa, ba laifin tuwon rana ne kaɗai ba. Agogon jiki da kansa yana sassautawa tsakanin azahar da la'asar, shi ya sa mai azumi ma yake jin wannan lumshewar ido. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa sama. Ƙailula ta minti 20 kuwa, wadda sunna ce, tana rage nauyin ba tare da an tashi a dagule ba. Idan kasala ta ɗauki makonni, ko ta zo da zazzaɓi ko rama, wannan kam a je asibiti a yi gwaji.

A 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin, kuma NDLEA tana ta kama tiramadol. Madalla. Amma da wuya ka ji jami'i yana tambayar awa nawa direban tirela ya yi a kan sitiyari, ko wane ne ya ɗora wa ɗan adaidaita balas ɗin da ba zai cika ba sai ya kai tsakar dare. Matashin nan ya kora ƙwayoyinsa da ruwan leda a gabana, ya ɗauki mata uku da jariri, ya hau titi.